Rumbun Muryar Baba

Kaura Namoda,
14 ga Oktoba, 2000.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Ɗahiru da su Hafsat. Yaya aikin makaranta, yaya kuma mutanen Shinkafi? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Kulsumu tana gaishe ki, ta ce in tuna miki kin yi mata alkawarin zuwa tun kafin damina.

Na je Zurmi ranar Juma'a. Ciwon ƙafar Baba da sauƙi, amma mantuwar ta ƙaru. Gwaggo Lami ta ce da hantsi yakan tambayi ko an kai wa Inna abinci, alhali shekara tara ke nan da rasuwarta. Abin mamaki, in aka taɓo abin da ya faru shekara arba'in baya, sai ya kawo shi daki-daki, har da sunan gona da na wanda ya nome ta. Dalilin rubuto miki ke nan.

Akwai wani shiri na Turawa da muke kallo a gidan Malam Mubashir, abokin aikina a sashen kwamfuta, wanda yake da tauraron ɗan'adam. Tun da aka rufe gidajen kallo bayan ƙaddamar da Shari'a, falonsa ya zama matattararmu ranar Asabar bayan la'asar. Labarin ƙagagge ne, na wani zamani da bai zo ba. A cikinsa an gina wata babbar ma'ajiya, inda ake kwashe duk abin da ke cikin kan mutum kafin ya mutu, da muryarsa da tunaninsa, a zuba a na'ura. Bayan an binne shi sai iyalinsa su riƙa zuwa suna tambayarsa yana amsawa. Mu dai Rumbu muke ce wa wurin. Malam Mubashir yakan yi dariya ya ce ko da kuɗi ba zai shiga ba, kada surukarsa ta biyo shi ciki. Ni ban cika dariya ba.

Kada ki zaci hankalina ya karkata. Na san babu na'urar da za ta riƙe rai, kuma kowace rai mai ɗanɗanar mutuwa ce. Amma murya ana iya riƙe ta, kuma wannan aikina ne. Na sayi rakoda da kaset ashirin. Niyyata in naɗi hirar Baba, in juye ta cikin kwamfutata, in rarraba ta babi-babi: asalin gidanmu, karatunsa a wurin malamai, iyakokin gonaki, shekarun da ya yi yana sulhu tsakanin mutane. Ranar da Hafsat ko 'ya'yanta suka so sanin wani abu, sai su danna, su ji amsa daga bakinsa. Wurin da na buɗe a kwamfutar, Rumbu na sa masa suna. Ina jin nauyin faɗin haka, amma gaskiya ce.

Matsala ɗaya na samu. Kin san ni ɗan fari ne, kin kuma san Baba da kunya irin ta mutanen da. Ina ɗakin ba ya hira. Na zauna gabansa da rakoda fiye da rabin sa'a, abin da na samu kawai shi ne tambayar ko an yi ruwa a Kaura. Sai Gwaggo ta ba ni shawara in kunna abin, in ajiye shi bayan matashinsa, in fita. Na shaida wa Baba, ya ɗaga hannu alamar in yi abin da na ga dama. Ina fita zaure na ji muryarsa ta tashi. Yanzu haka muke yi: in kunna in fita, Gwaggo ta juya kaset in ya ƙare, ta koma wurin aikinta.

Na samu kaset uku. Na saurari na farko, yana ba da labarin tafiyarsa karatu a ƙasa, da jaki ɗaya su huɗu. Ban taɓa jin ya yi dariya irin wannan ba. In sun ɗan taru zan sa a kwafa miki.

Ki gaida Malam Ɗahiru. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Jelani.

Kaura Namoda,
20 ga Janairu, 2001.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma zazzaɓin Rumaisa'u ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa.

Kaset bakwai da na aiko miki ta hannun direba makon jiya, in ba ki kai ga na bakwai ba, kada ki kunna shi. In kin riga kin ji, ki ɓoye shi inda yara ba za su kai ba, kada kuma ki yi zancensa da kowa, ko da Malam Ɗahiru ne. Na yi kuskure, kuma ina so ki ji shi daga gare ni.

Bayan azumi aikin jarrabawa ya taso mini, takardu sun fi ɗari uku. Na juye kaset ɗin cikin kwamfuta ba tare da na saurara ba, ina cewa sai na samu sarari. Sannan na kwashe su na kai wa Dogo, mai sayar da kaset ɗin wa'azi a bakin kasuwa, ya kwafa miki. Na manta yadda suke aiki. In sun kwafa, sai sun gwada a lasifikar da ke rataye gaban rumfa, wadda ake ji har layin masu hatsi. Ranar kasuwa ce, motocin Zurmi cike. Dogo ya saka na bakwai daga tsakiya, yana zaton tafsiri ne. Ya ce mini bai fi minti biyu ba ya kashe. Minti biyun sun isa.

Baba ba tarihi yake bayarwa a ciki ba. Da babu kowa a ɗakin, sai ya shiga faɗin abubuwan da mutane suka kawo masa a asirce tun muna yara, yana kiran sunaye. Kin san shari'ar gadon fadama da ake yi tsakanin Ɗanbaba da Murtala, ɗan marigayi wansa. In aka ce mamacin bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata, to abin da ya rage Ɗanbaba ne zai ɗauka. Wani ya ji sunan Ladidi, mahaifiyar Murtala, yana fita daga lasifika da muryar Baba, ya kai labari.

Sai bayan na aiko miki labarin ya iso ni, na koma gida na saurara duka. Tunda kaset ɗin yana hannunki, ɓoye miki ba shi da amfani. Baba ne ya ɗaura auren Ladidi, yana sane da halin da take ciki, domin mijin da kansa ya zo masa yana kuka ya ce cikin nasa ne. Baba ya sa aka kai ta Galadi wurin dangin uwarta, ta haihu can, aka jinkirta sanarwa har wata huɗu. Duk Zurmi sun san an haifi Murtala da kaka. Da farkon damina aka haife shi, wata biyar bayan ɗaurin aure. Kin yi karatu, kin san abin da wannan lissafi yake nufi a gaban alƙali: ɗan da aka haifa kafin aure ya cika wata shida ba ya gadon uba. Ban isa in yi wa Baba hukunci ba. Ya rufa wa mutum uku asiri shekara talatin da takwas, ni na kai shi kasuwa.

Shekaranjiya Ɗanbaba ya zo har ofishina. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yabi Baba, sannan ya ce shi gaskiya kawai yake nema, yanzu kuma lokacin gaskiya ne, in ba shi aron kaset na kwana ɗaya. Na ce masa mahaifina ba shi da lafiya, mutumin da yake neman matarsa da ta rasu ba a kafa shaida da maganarsa. Ya ce, “To in babu komi ciki, mi ah hana ka ba ni?” Na ce ba zan bayar ba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma amsa tambayarsa ba. Ya tafi yana cewa za mu haɗu inda ya dace.

Na koma wurin Dogo, ya rantse bai ajiye kwafi ba. Ya ce, “Malam, ni wa'azin da babu ihu cikinai wa za ya saye shi?” Na yarda da shi.

Akwai abu ɗaya da na rasa wanda zan faɗa wa. A cikin wannan labarin Baba ya kira sunana. Yana ƙididdige watanni ne, sai ya ce an ɗaura auren ana saura kwana uku sunan Jelani. Haka ya faɗa, Jelani, ba “yaron nan” ba, ba “wancan na Kaura” ba. Shekarata talatin da takwas ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na maimaita wurin har ban san adadi ba.

Ki ƙone takardar nan in kin karanta. Zan je Zurmi ranar Juma'a.

Yayanki,
Jelani.

Kaura Namoda,
11 ga Fabrairu, 2001.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Takardarki ta iso ranar Talata, na gode. Na ji daɗin samun sauƙin Rumaisa'u. Ina gaida Malam Ɗahiru da yara gaba ɗaya.

Kin ce kin riga kin ji na bakwai, kin yi kuka. Kin kuma kawo shawara cewa tunda aikina ne, in yanke wuraren da ba su dace ba, mu riƙe sauran. Shawara ce ta hankali, ni ma ita na fara yi wa kaina. Bari in gaya miki yadda muka yi da Baba, sai ki auna.

Na isa Zurmi da safe, lokacin da hankalinsa ya fi zama. Na sa Gwaggo ta ba mu wuri, na durƙusa na faɗa masa komai, har zuwan Ɗanbaba. Ya ci gaba da jan carbi, har na zaci hankalinsa ya tafi wani wuri. Sai ya tambaye ni guda nawa ne. Na ce goma sha ɗaya a wurina, bakwai a wurinki, sai wanda ke cikin kwamfuta. Ya tambayi mece ce kwamfuta. Na yi masa bayani gwargwadon iko, na ce abin da aka zuba mata ba ya gogewa don tsufa, ana iya juye shi daga wannan zuwa waccan har jikokin jikoki. Ina faɗa ina jin yadda maganar take sauka. Wata huɗu da suka wuce, da alfahari zan faɗe ta.

Na kawo masa zancen yankewa. Ya girgiza kai. Ya ce, “Kai ba ka san inda niz zame ba, ni ma ban sani ba. Sunan gona ɗai ya isa mai nema.” Ya ce abin da mutane suka kawo masa ajiya ce, ba nasa ba ne balle ya bar mana gado, kuma ya kasance yana sa ran zai shiga kabari da shi babu wanda ya ji. Sannan ya ce a ƙone su duka. Sau biyu ya faɗi duka. Na ce na yi alkawari. Bai dube ni ba, amma ya ɗora hannunsa a kaina, abin da ban tuna ya taɓa yi ba. Kafin azahar ya koma tambayar Inna.

Da na dawo na gwada maganarsa. Na saurari na uku, wanda nake ganin babu komai cikinsa sai iyakokin gonaki. A tsakiya sai ga labarin wata saniya da aka ce ta ɓata ta dawo da kanta, da sunan wanda ya dawo da ita. Mutumin yana nan da ransa, a sahun farko yake salla. Da can na ji wurin na wuce, ban gane ba, domin ban san mutanen sosai ba. Wanda ya san su zai gane nan take. Kin kuma san hukuncin da ake yi wa irin wannan a yanzu.

Na je gidan Malam Mubashir ranar Asabar. An nuna wata mata ta shiga Rumbu tana hira da mijinta da ya mutu, ana kiɗa mai taushi. Ni abin da nake tunani daban ne. Mutumin nan ai ya san maƙwabtansa, ya san abin da ƙaninsa ya aikata, ya san wanda ya zo masa yana kuka. Duk an kwashe an zuba tare da shi, kuma duk wanda ya tambaya zai amsa. Ban ga inda masu shirin suka nemi izinin waɗannan ba. Na kalli kashi fiye da ashirin tambayar ba ta zo mini ba, sai da na zama mai tsaron irin wurin.

Na san abin da nake roƙonki. Ke kina nesa, ba ki samu zama da shi ba tun aurenki, kuma kin ce da kaset na farko kike karyawa kowace safiya. Ni na jawo, ke za ki yi asara. Ba zan aiko a karɓa ba. In kin zo Zurmi ki taho da su da hannunki.

Ban ƙone nawa ba tukuna. Ba ni da hujja.

Allah ya ba mu ikon cika alkawari. Ki gaida kowa.

Yayanki,
Jelani.

Kaura Namoda,
24 ga Maris, 2001.

Zuwa ga ƙanwata Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun isa gida lafiya. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya haɗa shi da Inna cikin rahama. Ki miƙa godiyata ga Malam Ɗahiru da mutanen Shinkafi da suka zo ta'aziyya.

Ranar addu'ar bakwai kin miƙo mini jakar leda a bayan ɗakin Gwaggo. Na ƙirga, bakwai ne cif. Haƙƙinki ne ki san abin da ya same su.

Kafin nan, akwai abin da ba ki gani ba, tunda kuna cikin gida. Murtala ne ya fara isa maƙabarta da magirbin haƙa kabari, shi ne kuma ya shiga kabari tare da ni muka karɓi Baba. Da muka fito ya riƙe hannuna ya ce Baba uba ne gare shi, tun yana yaro in sun haɗu sai ya tsaya ya tambayi lafiyar uwarsa, bai san dalili ba. Ya kira ni tsaransa, ya ce na girme shi da wata tara kacal, kada in riƙa yi masa taƙama. Na ce haka ne. Washegari Ladidi ta aiko da ƙwaryar fura. Tsohuwa ce yanzu, da sanda take tafiya. Ɗanbaba ma ya zo, ya zauna daga gefe, ya yi addu'a ya tafi. An ce dattawa sun yi masa magana kan abin da yake yaɗawa ba da shaida ba. Shari'arsu ban san inda za ta tsaya ba, amma ba za ta tsaya a kan muryar Baba ba.

Ranar Laraba bayan la'asar na haƙa rami a bayan gida, na zuba kaset goma sha takwas, na sa kananzir. Warin roba ya sa Kulsumu ta leƙo, ta ga abin da nake yi, ta koma ta rufe ƙofa. Kwamfuta kuwa, na san in an ce an goge abu ba a goge shi ba, mai sani yana iya tono shi. Saboda haka na kwance ta, na ciro ma'ajiyar da ke cikinta, wani ƙarfe ne kamar tafin hannu, na kai wa Zubairu maƙeri kusa da tashar jirgi. Ya juya shi ya ce ai wannan sabo ne, in ba na so in bar masa. Na ce ya sa a wuta ya daka. Ya daka har ya zama kamar faranti.

Yanzu sai abin da ya sa na rubuto. Tun cikin Fabrairu na yanke kalma ɗaya daga na bakwai na ajiye ta dabam a wani ƙaramin faifai. Sunana ne kawai, bai kai daƙiƙa ɗaya ba, babu na kowa a gabansa ko bayansa. Na gaya wa kaina wannan ba ajiyar kowa ba ce, tawa ce, babu wanda za ta cutar. Har yau ina ganin hujjar tana da ƙarfi. Faifan yana cikin aljihuna lokacin da nake tsaye wurin Zubairu, na dawo da shi gida. Kwana biyu yana tare da ni.

Amma ya ce duka, ya kuma maimaita, na ce na yi alkawari, sannan ya ɗora mini hannu. Bai ce ban da abin da nake so ba. Jiya na tafi ofis da wuri, na saka shi a kwamfutar sashe na saurara sau ɗaya, na cire, na karya shi, na kai wa Zubairu guntayen.

Na zaci zan riƙe sautin a kaina. Yau da safe na nemi in tuna, sai na ji muryata ce take faɗa, ba tasa ba. Ban san ko ya ja tsakiyar sunan ba ne ko ya datse ƙarshensa. Kwana ɗaya ke nan.

Ke ma kin ji wurin, kuma kin fi ni kunne tun muna yara. Na san ba ki taɓa kiran sunana ba, Yaya kike cewa, kuma ban taɓa so ki canza ba. Amma in kin zo addu'ar arba'in, ki samu lokacin da babu kowa kusa, ki faɗa mini shi yadda ya faɗa. Sau ɗaya ya isa.

Ki shafa mini kan Hafsat da Rumaisa'u. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Yayanki,
Jelani.